Zakarun Staf

Godelieve Thijs ta sake ɗora ma'auninta a bangon alkuki na uku, ta karanta, ta ja tsaki. Faɗin da ta samu watan jiya shi ta samu yau, ko kaurin gashi bai ragu ba.

Mita ɗari biyu da 'yan kai a ƙarƙashin dajin Kempen, yumɓu ba ya zama wuri ɗaya. Ka haƙa rami a cikinsa, sai ya biyo ka sannu a hankali yana rufewa, duk tsagar da ka yi masa ya liƙe abinsa. Saboda wannan hali nasa ne ake tunanin ba shi ajiyar sharar nukiliya, wadda za ta yi dubban shekaru dafinta bai mutu ba. Godelieve ta tsaya gaban kwamiti ta bugi ƙirji cewa yumɓun nan zai riƙe amana. Aka ba ta shekara biyar da alkuki uku a bangon ramin gwaji, kowanne bai fi bokiti ba, an bar su tsirara babu siminti, aka ce to ta nuna.

Biyu suna matsewa kowane wata da kamar kaurin farce. Na uku ya yi shekara uku yana bin sahu, sannan ya turje. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Babu wanda ba ta zarga ba. Ta zargi ma'auni, aka kawo sabo. Ta zargi fanka, wai tana busar da bango, aka karkatar da ita. Da hakan bai yi ba sai ta koma zargin danshi, don ɗigon jan fentin da take yi a wurin awo, duk dawowarta sai ta tarar ya ɓace, bangon sumul kamar an lashe. Har Waliyyiya Barbara, majiɓinciyar mahaƙa, ta sha harara, ɗan mutum-mutumin katakon da mahaƙa suka girka a alkukin tun ranar da aka fasa shi, don mahaƙin yankin Limburg ba ya ganin alkuki ya bar shi wofi. Amma Barbara ba ta taɓa bango. Akwai sararin yatsa biyu a kowace kafaɗarta, kamar kullum.

Staf Bollen ne kaɗai ba ya yi mata kallon tausayi. Tsohon mahaƙin kwal ne, ya yi shekara ashirin a ƙasa kafin a rufe mahaƙarsu, yanzu shi ke kula da ramin gwaji. Shi ke fara sauka, shi ke ƙarshen hawa, cokalin shan miyarsa a soke a aljihun gaba. Tun da ta shiga damuwa yake ajiye mata ɗan zakaran yumɓu a tebur lokaci-lokaci, ginin hannunsa, kowanne da jan zanko.

"Dakta, yau ma kin haɗe rai," in ji shi da ta hau. "Ungo wannan, ya yi miki cara."

"Staf, ka mayar mini da tebur akurki."

"To takardun da kika tara, wanne ya taɓa tashin ki da safe?"

Ta yi dariya ba don tana so ba, ta jera shi kusa da 'yan'uwansa.

Wasiƙar kwamiti ba ta yi dogon bayani ba. In ɗaya cikin uku ya daina rufewa kuma ba a san dalili ba, babu mai ba yumɓun nan ajiyar dafi. Ta kawo rahoto ranar Juma'a, huɗu ga Disamba. In amsar ba ta sake ba, a cike ramin, ita kuma ta nemi wani wurin.

Tana iya gyara lamba ɗaya ko biyu, babu mai ganewa. Ta zauna da biro a hannu har kofinta ya huce, zakaru sun zuba mata ido. Daga ƙarshe ta rubuta abin da ta auna, ta sa hannu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta fi yarda da yumɓun nan a kan mutane da yawa. A hanyar gida ta yi kuka a kan keke, ta ce ruwan sama ne.

Juma'ar ta dace da ranar Barbara, ranar da babu mai ɗaga diga. Aka sauka ƙasa gaba ɗaya cikin hulunan kwano, limamin coci ya yi addu'a a gaban alkuki na uku, aka raba miyar wake mai zafi da burodi da cuku. Shugaban kwamiti, Dewilde, ya zo da kansa. Ya ƙare miyarsa, ya goge baki, ya nufo Godelieve yana kallon ambulan ɗin rahoton da ke hannunta.

Staf ya riga shi. Ya damƙa mata wani zakaran, sabo fil, har yanzu da sanyin danshi a jikinsa.

"Wannan kam na ban kwana ne," in ji ta. Ta shafa zankon da yatsa don kada ta dubi kowa. "Aƙalla gaya mini shagon da kake sayen jan fentin nan, in tafi da gwangwani ɗaya in riƙa tunawa da kai."

Dewilde ya riga ya miƙo hannu, ya kama gefen ambulan. Staf kuwa ya zaro cokalinsa daga aljihu, ya goge shi a riga, yana mamakin tambayar.

"Saye kuma? Ai naki ne, Dakta, na jikin bango. Duk wata sai bangon nan ya matso zai murƙushe wa Barbara kafaɗa, ni kuma in kankare mata wuri da cokali, kin ga kuwa ba a zubar da yumɓu mai kyau haka."