Hancin Baffa Sani

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya rufe shagonsa na takalma a unguwar Naif da ke Dubai, ya kai mu duwatsun Hatta. Burinsa mu hau tsauni mafi tsawo a kowace masarauta ta ƙasar Larabawan da muke zaune, ya ce da na Dubai za mu fara.

Muna isa sama, ƙaninsa Baffa Sani ya sure ni ta hammata, ya miƙa ni bakin kwazazzabo yana dariya. "To, in sake ki?" Takalmina ɗaya ya zame. Ban ji saukarsa ba.

Baba, wanda ko tsawa ban taɓa jin ya yi ba, ya fizgo mu baya, ya narka wa Baffa naushi a fuska. Na ji ƙarar ƙashi. Ya danne shi a kan tsakuwa yana duka, jini na fallatsa a farar jallabiyar Baba.

"Yaya, wasa nake!"

"Da 'yata? Sani, da 'yata?"

Sai a lokacin na ga ashe kuka Baba yake.

Hancin Baffa a karkace yake har yau. Duk sa'ad da na durƙusa gaishe shi sai in sunkuyar da kai, don kada ya ga yadda kallon hancin nan ke sanyaya mini rai.