Addu'ar da Kunne Bai Ji Ba

Tun da gwamnati ta maƙala Kunne, wata na'urar sauraro, a rufin kowace majami'a saboda tsaro, Afiniki ba ta ƙara kiran sunan ɗanta a addu'a ba. Filibus ya ƙi a saka masa Kunne a ɗaki, ya gudu, ana nemansa. Maƙwabciyarta ta taɓa roƙon Allah ya kiyaye nata ɗan a Kafanchan, washegari aka je can aka ɗauko shi.

Shiru ma ba mafita ba ne. Wanda ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, fitilar Kunne takan yi ja a kansa.

A taron zumuntar mata, shugabarsu Mama Rahila ta dube ta.

"Maman Filibus, kin rame. Yesu ya san inda yaron yake, ba sai kin yi masa kwatance ba."

"Na sani, Mama. Bakina ne ke son faɗa."

Mama Rahila ta yafito masu kiɗa. "Ku buga tulun nan kamar kun ci abinci."

Tuluna suka ɗauka, mata suka kewaye Afiniki da waƙa har kwanon rufi yana amsawa. A tsakiyarsu ta durƙusa, ta kira sunan ɗanta da garin da yake ɓoye, ta yi kuka ta ƙoshi.

An tashi, tana gyara ɗankwali a bakin ƙofa, sai Kunne ya yi magana cikin ladabi.

"Mama Afiniki, yau ba mu ji addu'arki ba. Don Allah ki dawo ki maimaita."