Kiran Ranar Laraba

Ƙarfe huɗu na yammacin Laraba wata ma'aikaciyar ofishin rundunar soja ta ɗora abin sauraro a kunne, ta buɗe layi na sittin da biyu.

"Inna, ina wuni?" in ji muryar kofur.

"Lafiya lau, Auta. Ka ci abinci?" muryar tsohuwa ta amsa daga can gida.

Wata biyar ke nan da rasuwar kofur ɗin. Jirgi mara matuƙi ne ya ritsa da su a bakin gada, shi da mutum shida. Mai maganar nan na'ura ce da aka ɗura wa duk saƙonnin muryar da ya taɓa turawa gida, har da yadda yake jan hanci kafin ya yi dariya.

Dalilin ba boyayye ba ne ga 'yan ofishin. Na'urorin abokan gaba suna bibiyar wayoyin sojoji dare da rana. Duk wayar da ta yi shiru, sun ƙirga gawa, sun kuma san inda aka yi rauni. Shi ya sa rundunar ta buɗe wannan ɗaki mara taga a hawa na uku, tebur goma sha biyu, domin matattu su ci gaba da kiran gida har a gama yaƙi. Aikin ma'aikaciyar kawai ta saurara, idan na'urar ta yi tuntuɓen harshe ta katse layin. Abokan aiki suna ce mata Kunne. Ta sa hannu a takarda cewa duk wanda ya fasa ƙwai, shekara goma a gidan yari.

Sauran iyaye mata sukan yi kuka, su yi mita, a ji jika yana tsala ihu a bayansu, wata ma ta bar waya ta tafi duba tukunya. Ban da uwar kofur. Bugu ɗaya take ɗauka, ba ta taɓa ƙorafin ƙafa ko tsadar kasuwa ba, sai albarka. Kunne ta fi tsoron layin nan a kan duk sauran. Ita ma sai bayan wata biyu aka gaya mata rasuwar mahaifinta, wai kada ta faɗi jarrabawa, kuma har yau abin yana ci mata rai.

Ran nan tsohuwar ta ce, "Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi, Auta. Ko takalminka ban ɗaga ba."

Kunne ta kwana uku maganar tana ranta, ta yanke shawarar gaya wa tsohuwar gaskiya.

Ran Asabar ta bar wayarta a kan gado don kada a bi sawunta. Adireshin yana kanta, ta haddace shi daga fayil. Ta hau bas biyu, ta ƙarasa da ƙafa, tana ta juya kalmomin da za ta faɗa. Babu wadda ta yi mata daɗin faɗa.

Wata mata ce ta buɗe ƙofa, tef ɗin awo a wuyanta, zare a jikin rigarta. Yayar kofur ce. Kamanninsu ɗaya da hoton da ke cikin fayil.

"Daga rundunar nake," in ji Kunne. "A kan kiran ƙaninki na zo. Ina son ganin Inna."

 Matar ta leƙa titi hagu da dama, ta jawo Kunne ciki, ta tura ƙofa. Ta zauna a kan kujerar keken ɗinki, hawaye suka zubo mata, ta kama hannun Kunne da hannu biyu.

"Kun gano mu ke nan. Don Allah, 'yar'uwa, ki rufa mana asiri. Inna ta rasu wata bakwai da suka wuce, muryarta muka sa wa na'ura take amsa masa, kada hankalinsa ya tashi yana bakin daga. Ki bari ya dawo lafiya, ni zan gaya masa da bakina."