Abin da Aka Ba Jamil

Mai adaidaita ya rantse ba zai iya ratsa cunkoson ba. Ranar Juma'a ce, kasuwar shanu na ci, tireloli sun toshe hanya tun daga bakin gada. Mu'azu ya diro ya ƙarasa asibitin da gudu.

Ya tarar da ɗansa Jamil, ɗan wata biyar, kwance yana dalalar da miyau. Zufa ta jiƙa shi sharkaf, 'yan yatsunsa sai karkarwa suke. Matarsa Fiddausi, wadda aka fiddo daga ɗakin jarrabawa, tana tsaye a kan yaron da biro a hannu, ta ma manta tana riƙe da shi.

"Wani abu ya sha," in ji Dakta Esta. "Amansa har ƙamshi yake. Ku gaya min abin da aka ba shi, da sauri. In ban sani ba, lalube kawai zan yi."

Mu'azu bai tsaya tunani ba, ya juya ya kalli bakin ƙofa. Can mahaifiyarsa, Inna Safara'u, ta rakuɓe, gefen zaninta har yanzu a jiƙe da ruwan wanki.

Daga Achika ta zo musu raino, saboda jarrabawar Fiddausi. Ta iso da ƙullin saƙe-saƙi, da zuma, da garin ɗauri da ta ce shi ya raya 'ya'yanta kaf. Ranar Mu'azu ya kafa doka: ban da maganin asibiti, mai ɗigon nan, kada a sa wa yaron komai a baki. Ta bakin Fiddausi ya aika dokar, don shi ɗan fari ne. Tun da ya yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta tambayarsa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana, bango take gaya wa, shi kuma ya tsinta.

To shi me bai yi wa yaron nan ba? Shekara da shekaru yana zuƙar taba, leɓensa har ya yi baƙi. Da aka haifi Jamil da ciwon ƙirji aka ce hayaki ba zai bar shi ba, Mu'azu ya yar da kwali, ya sake saya, ya sake yarwa. Nathaniel, abokin aikinsa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, shi ya nuna masa sigarin lantarki. Batir gare ta, ruwa ake ɗura mata mai ƙamshin mangwaro, ba toka ba wari. Tun da Inna ta zo kuwa ko a gida ba ya zuƙa. Duk wata alama ya ɓatar da ita, domin da Inna ta san ɗanta mashayi ne gara ƙasa ta tsage ya shige. Yau ma tun safe abar a bushe take, kansa kamar zai rabe biyu, ya daure. Duk wannan wahala, a ƙarshe tsohuwa ta zo ta kashe masa ɗa da saiwar daji?

"Inna, me kika ba shi?"

Fiddausi ta zabura. Ba ta taɓa jin ya yi mata magana kai tsaye da wannan murya ba. Inna ta sunkuyar da kai.

"A gaya masa ban ba da ɗauri ba," ta ce da bango. "Ƙullin na nan yadda na zo da shi."

"Ƙarya ne! Zuma kika cuɗa da shi, ga ƙamshi ana ji. Na ce a bari, na ce a bari, ba kwa jin magana! In yaron nan ya mutu ke kika kashe shi."

Wata mai jinya a gadon kusa ta kama salati. Shi kansa ya ji nauyin abin da ya fito daga bakinsa, amma tsoro ya fi ƙarfin kunya, bai janye ba. Hawaye ya gangaro wa tsohuwar, ta bar shi yana zuba.

Sai jikin Jamil ya sanƙare. Aka ture su waje, aka ja labule. Suna jin likita na kiran a kawo iska, suna jin takun ma'aikata, daga baya suka daina jin komai. Da Dakta Esta ta fito, kafaɗar Fiddausi kawai ta dafa. Fiddausi ta zube a wurin.

Inna ce ta matso, a hankali, tana kwance bakin zaninta. Gaban likita ta durƙusa, ba gaban ɗanta ba.

"'Yar nan, ki zama shaidata gaban Allah. Yadda aka ce haka na yi. Maganin wancan makon ya ƙare, angon nawa kuma yana ta tari. Ina wanki na tsinci sabo a aljihun rigar uban, na ce sayowa ya yi ya manta. Ni ba na iya tambayarsa. Na cika ɗan bututun sau biyu na ba shi, kamar kullum."

Ta miƙa wata 'yar kwalba mai hoton jariri yana dariya. Likitar ta buɗe, ta shinshina, ta ɗago ta dubi Mu'azu.

Ya san kwalbar. Shi ya wanke ta da hannunsa ranar da maganin ya ƙare, ya juye ruwan sigarinsa a ciki don kada Inna ta gane.