Ƙarfen da Ke Ƙugun Mai Agogo

Tun da aka yi wa Mai Agogo aiki aka sa masa ƙarfe a ƙugu, bai sake waiwayar asibiti ba. An ce ya riƙa zuwa ana duba shi. Ina! Mutumin da ya yar da sanda, yana hawa matakalar shagonsa kamar saurayi, me zai je yi?

Ana nan ana nan, ƙugun ya fara ƙara. In ya tashi daga kujera sai a ji ƙiii, kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Malam, ka ɗiga wa kanka man agogon nan mana," in ji matarsa. Su yi dariya, a wuce wurin.

Daga nan kunne ya yi nauyi. Hannu ya soma rawa, 'yar ƙusa ta kuɓuce daga hantsaki ya wuni yana lalube a kan tebur. Sai kuma ido. Ya ga likitan kunne, ya ga likitan ido, kowanne ya tambaye shi ko yana da wata lalura. Ya ce babu. Shi a wurinsa zancen ƙugu ya wuce, ai ya warke. Matarsa ta ce girma ne, shi ma ya ce girma ne.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, 'yarsa ce ta kai shi asibiti, ita ce kuma ta ambaci ƙarfen. Aka ɗebi jininsa aka auna.

Likita ta ɗaga murya don ya ji. "Baba, ƙarar nan da kuke ji, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Garinsa ya daɗe yana shiga jininka, shi ya taɓa maka kunne da ido. Za mu cire shi mu sa wani."

"Idon fa?" in ji 'yar.

Likita ta ce, "Shi kam ba zai dawo ba. Da kun zo da wuri."

Bai yi kuka ba, bai ma ji komai a ransa ba. Kai kawai ya gyaɗa, kamar labarin wani ake ba shi.

Bayan aikin ya sa aka mai da shi shago, don bai san inda zai zauna ba. Wani ya miƙo masa agogo, wai ya tsaya. Ya shafa shi da yatsa, ya kara a kunne. Shiru. Ya daɗe a haka, bai sani ba ko agogon ne ya mutu ko kunnensa. Ya miƙa wa mutumin abinsa.

Jama'a, wanda aka sa wa ƙarfe a jiki kada ya daina zuwa a duba shi don ya ji sauƙi. Kuma duk likitan da zai gani, ko na ido ne, ya gaya masa yana ɗauke da shi.