Mai Bulala a Kurkukun Delft

Bulala ta uku ce ta fasa wa Floris baya. Ya ƙwalla ƙara yana fizgar sarƙar da ke hannunsa, yana kiran sunana.

"Wayyo! Marijke, ki cece ni, kashe ni zai yi!"

Baƙin da na kawo yawon buɗe ido suka ɗauki tafi. Wasan da muke yi musu kullum ke nan a tsohon kurkukun garinmu: Floris ne fursuna, Wiebe kuma ya rufe fuska da baƙin ƙyalle ya zama mai azabtarwa. Sai dai ban taɓa ganin sun ƙware kamar yau ba. Mai bulalar ya kai masa naushi a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗi gaban wata tsohuwa.

"Kai, kamar gaske!" in ji ta, tana ɗaukar hoto.

Da Floris ya daina motsi, mai bulalar ya rusuna mana, ya fice ta ƙofar baya. Muna cikin tafi aka dafa kafaɗata. Wiebe ne, yana haki, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Yi haƙuri, mutuniyar, wani ɗan iska ne ya sace min keke. Ba a fara ba dai ko?"