Mai Riƙon Wuta na Makango

Sualihu bai taɓa ɗaukar kansa mashayin taba ba. In ka kira shi haka sai ya ɓata rai, ya ce shi wuta kawai yake riƙe wa mutane.

Teburinsa yana bakin tafki a Makango, inda motocin doya ke jeruwa suna jiran jirgin fito zuwa Yeji. Kakanninsa fataken goro ne a Salaga, amma da goro ya ƙi shi sai ya koma sayar da sigari kara-kara. A shekarar 1983 ashana ta yi wuyar samu, wadda aka samu kuma iskar tafki ta kashe ta kafin ta kai baki. Sai gogan naka ya yi dabara. Ya kunna karan sigari ɗaya ya maƙala a baki, duk wanda ya saya sai ya sunkuyo ya ɗosana tasa. Don kada wutar ta mutu, dole ya riƙa zuƙa, in ta ƙare ya kunna wata da guntun.

Nan da nan ciniki ya buɗe. Ashana ta dawo kasuwa, amma direbobi sun saba da shi, bakinsa ma ya saba da taba. Dillalin kamfanin taba da ke zuwa daga Tamale duk Laraba ya ba shi ƙatuwar laima ja kyauta. Sualihu ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya sayi shanu huɗu ya ba da kiwo.

"Maigida, hatta matashin kanka warin taba yake yi," in ji matarsa Salimatu.

"Warin nan shi ya rufa miki ɗaki," ya ce yana dariya.

Babban mai sayensa shi ne Aruna direba. A gaban teburin nan Sualihu ya ga yadda ciwo ya bi da shi daki-daki. Da farko murya ta dushe. Daga baya ya fara tari yana ɓoye hankici. Sai wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Wata Asabar motarsa ta zo, amma wani ne a kan sitiyari. Sualihu na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Shekara goma sha biyu da fara riƙon wuta, ya tashi da safe ya ce wa Salimatu ina kwana, sai ya ji muryar Aruna ta fito daga bakinsa. Ya ce mura ce, ya sha zuma da citta wata biyu, murya ba ta dawo ba. Ranar da ya ga jini a hankicinsa, ya jefa shi cikin tafki bai gaya wa kowa ba. Tsoro ya hana shi cin abinci, domin ya san abin da ke biye. Kullum in yana alwala sai ya shafa wuyansa yana addu'a, har ranar da yatsunsa suka taɓa ƙullutun da yake gudu.

Salimatu ce ta ja shi asibiti a Tamale.

"Malam, kara nawa kake sha a rana?" in ji likita.

"Ba na sha, likita. Wuta nake riƙe wa masu saye."

"Maƙogwaronka bai san wannan bambancin ba. Ciwon daji ne. Sai an kai ka babban asibiti a kudu."

Shanun nan huɗu suka bi juna zuwa kasuwa, da filin gadonsa na Salaga. Dillalin kamfani bai zo dubiya ba, ya dai aiko a tambayi wanda zai riƙe laima. Ƙanensa Fatawu, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya karɓi teburin don kada gidajen biyu su rasa abinci.

Likitocin kudu suka ceci ransa, amma sun cire akwatin muryar gaba ɗaya. Suka bar masa rami a gindin wuya wanda yake numfashi ta ciki, yana rufe shi da ƙyalle.

Bayan wata biyar suka hau jirgin fito daga Yeji za su koma gida. Tun daga tsakiyar ruwa Sualihu ya hango laimar nan ja. Da suka matso, ya ga Fatawu a ƙarƙashinta da sigari a baki, wani direba ya sunkuya yana ɗosana tasa.

Sualihu ya riƙe ƙarfen jirgi ya buɗe baki zai ƙwala kira, ba abin da ya fito sai iska da ta ɗaga ƙyallen wuyansa. Ya yi ta kaɗa hannu biyu. Fatawu ya zaci gaisuwa ce, ya yi wa sigarin zuƙa mai tsawo don kada ta mutu, sannan ya rugo bakin ruwa.

"Yaya, barka da dawowa! Kwantar da hankalinka, ban bari wutarka ta mutu ba ko yini ɗaya."

Fatawu ya juya gefe ya yi ɗan tari. Sualihu ya sauko daga jirgi ya durƙushe a kan yashi yana kuka marar sauti.

Jama'a, taba ba ta tambayar dalilin da ya sa ka zuƙe ta. Ribarta tana tafiya wajen kamfani, ciwonta da kuɗin magani su zauna a gidajenmu. Mu guje ta, mu hana na bayanmu tun muna da muryar hana su.